Jaka Ɗaya a Baya, Daga Rigasa Zuwa Bankok

Kilo bakwai ne iyakar abin da tikitina ya yarje mini in shiga da shi cikin jirgi, kuma da kilo bakwan nan na ƙudurta zan yi mako uku a ƙasar Tailan. Daren da zan bar Kaduna na baje kayan a kan tabarma: riguna huɗu, wando biyu, 'yar darduma mai naɗewa kamar hankici, silifa, caja, da batirin ajiyar wuta da muke kira fawa bank. Ina cikin cusa su a jakar goyo sai Hajiya, mahaifiyata, ta shigo da gorar zuma a hannu. "Ungo wannan," in ji ta, "ka riƙa sha da safe, ba ka san abincin ƙasar mutane ba." Na karɓa da hannu biyu, na soke ta a aljihun gefen jaka.

Irin wannan tafiya, ta mutum da jaka ɗaya a gadon baya, matasan Turai da Amurka sun mai da ita al'ada, har a Bankok akwai titi guda, Khao San, da ya yi suna a duniya saboda su. Mu ma ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙafa ta Chadi da Sudan, wasunsu shekaru suka yi a hanya da ɗan ƙunshi a ka. Abin da ya sauya shi ne yau ana cin wannan nisa cikin yini ɗaya, kuma yinin cike yake da dokoki waɗanda matafiyin farko yake ɗauka wulaƙanci ne kawai. Ni ma haka na ɗauke su, sai da na bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya na tarar kusan kowace a bayan wani bala'i aka kafa ta.

Jirgina na rana ne daga Abuja, amma tun jajibiri na hau jirgin ƙasa daga Rigasa, na kwana wajen ɗan'uwa a Kubwa. Layin dogon kilomita 186 ne, tun 2016 yake aiki, kuma a ƙa'ida mutum zai iya tasowa da sassafe ya iske jirgin rana. Ban yarda in gwada ba. Filin jirgin Nnamdi Azikiwe yana da tazarar kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni, cunkoson safe kuma ba ya tambayar kowa ƙarfe nawa ne a tikitinsa. Awa ukun da ake cewa a iso kafin tashi suna da dalili. Yawancin kamfanoni suna rufe teburin tantance fasinja saura awa ɗaya, domin sai an san adadin mutane da nauyin kaya sannan a lissafa mai da yadda za a rarraba nauyi a cikin jirgin, sunayen fasinjoji kuma a aika wa ƙasar da za a sauka. Wanda ya iso bayan an rufe, ko yana hango jirgin ta taga, ya makara.

A teburin nan mai jakar goyo yake fara shan tambaya. Matar da ke wurin ta juya fasfona, ta duba ranar ƙarewarsa, ta duba biza, sannan ta ce, "Malam, ina tikitin dawowa?" Na miƙa. Da yawa daga masu irin tafiyata ba sa son yanke ranar dawowa, sun fi son su bar hanya a buɗe, kuma a nan ake juyo da su. Ba mugunta ce ta sa take tambaya ba. Idan ƙasar da ka nufa ta ƙi karɓarka, kamfanin da ya kai ka shi zai maido ka, sau da yawa har da tara a kansa. Shi ya sa suke duba cewa fasfo yana da sauran wata shida, suke kuma neman katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka wanda ya je aka yi masa ana gobe tafiya bai yi komai ba. Abin daɗin shi ne tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa.

Ina barin teburin wani dattijo mai fara'a ya tare ni. Ya lura ba ni da akwati. "Ɗana, na ga ba ka auna kaya ba. Don girman Allah ka sa mini wannan jaka da sunanka, kayana sun yi yawa, yaji ne da kuka kawai na yara." Furfurarsa ta kai ta mahaifina. Duk tarbiyyar da aka yi mini tana cewa in amsa da to. Na rusuna na ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara, ba zan iya ba." Ya kalle ni kallon da har yau nake tunawa, ya juya.

Mai yiwuwa yajin ne da kukar. Amma tambayar nan da ake yi wa fasinja, ko kai ka haɗa kayanka da kanka, ko wani ya ba ka saƙo, tana da tarihi. A Afrilun 1986, a filin jirgin Heathrow na Landan, an tare wata 'yar ƙasar Ailan mai juna biyu da bam a ƙasan jakarta. Wanda zai aure ta ne ya ba ta jakar, ita ba ta san komai ba. A Disamban 1988 jirgin Pan Am ya tarwatse a saman garin Lockerbie, mutum 270 suka mutu, bam ɗin kuma yana cikin akwatin da mai shi bai hau jirgin ba. Daga nan aka tsananta dokar cewa idan fasinja bai shiga ba, sai an sauke kayansa ko da jirgi zai makara. Mu kuwa ba sai mun je Turai neman misali ba. A Disamban 2018 hukumomin Saudiyya sun kama wata ɗaliba da ta tafi Umra daga Kano tare da mahaifiyarta, saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta. Wata huɗu ta yi a tsare, a ƙasar da hukuncin wannan laifi kisa ne, kafin bincike ya nuna wasu ɓata-gari ne a filin jirgi suka yi aikin, aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Mai jakar goyo shi ne wanda masu neman irin wannan alfarma suka fi so, domin yana da kilon da bai yi amfani da shi ba. Kunya a wannan wuri tana iya cin ran mutum.

Bayan jami'an shige da fice sai na'urar haska kaya. Jakata ta shiga, ta fito, aka ja ta gefe. Jami'in ya zaro gorar Hajiya ya ɗaga ta sama. Na ce masa zuma ce, mahaifiyata ta ba ni. Ya ce ya sani, amma ba za ta wuce ba. Na tsaya ina kallo ya ajiye ta a cikin kwandon da ke cike da ruwan roba, man shafawa da kwalaben turare. Ya yi mini ciwo ƙwarai, ba don kuɗinta ba.

Dokar da ta ci zumar an haife ta ne a Agustan 2006, lokacin da 'yan sandan Birtaniya suka bankaɗo shirin tarwatsa jiragen da ke tashi daga Landan zuwa Amurka da Kanada da sinadarai masu ruwa da aka ɓoye a cikin kwalaben lemo. Tun daga nan duk abin da ke zuba ko ake shafawa, ruwa ne, zuma ce, man gyaɗa ne, man goge baki ne, ba ya shiga hannun fasinja sai a mazubin da bai wuce mililita 100 ba, dukansu kuma su shiga leda ɗaya mai nuna ciki, ta lita ɗaya. Girman mazubin ake dubawa, ko da abin da ya rage a ciki cokali biyu ne. Wasu filaye a Turai sun fara sassautawa saboda sababbin na'urori, amma wanda zai ratsa filaye uku kamar ni, gara ya shirya wa mafi tsanani. Mai akwati zai zuba zumarsa a kayan da ake aunawa ta wuce lafiya. Mai jaka ɗaya ba shi da wannan mafita.

Fawa bank kuwa dokarsa a juye take: a hannu ake son sa, haramun ne a akwatin da ke tafiya ƙasan jirgi. Batirin litiyam idan ya sami rauni ko zafi yana iya kama wuta da kansa, wutar kuma ita ke ciyar da kanta. Idan a gaban mutane ya fara hayaƙi, ma'aikata za su gani su kashe shi da ruwa. A ƙasan jirgi babu mai gani. Iyakar da aka sa ita ce wat-awa 100 ba tare da neman izini ba. Wanda aka rubuta wa 20,000mAh yana kusan 74, ya wuce. Daga 27,000mAh an taɓo iyaka. Mu da rashin wuta ya koya wa sayen manya-manya, sai mu duba rubutun jikinsu tun a gida, domin wanda rubutunsa ya goge ma ana iya karɓe shi. A Janairun 2025 wuta ta cinye saman wani jirgi a Busan ta Koriya ta Kudu yana shirin tashi, mutum 176 suka tsira da ƙyar, kuma irin wannan batiri aka fi zargi. Bayan haka kamfanoni da dama suka hana caji da shi a cikin jirgi.

Da muka ɗaga, Abuja ta koma jajayen rufi da duwatsu, sannan gajimare ya rufe ta. Jirgi irin wannan yana tafiya tsakanin kilomita 10 zuwa 12 a sama, inda sanyi ya kai digiri 50 ƙasa da sifili, iskar kuma ta yi siririyar da mutum zai suma cikin ɗan lokaci. Saboda haka ake matsa iska a cusa cikin jirgin, amma ba a kai ta nauyin ta ƙasa. Ana tsayar da ita daidai da ta wurin da ke da tudun mita 1,800 zuwa 2,400, wato sama da Jos, kusa da Addis Ababa inda za mu yada zango. Lafiyayye ba ya jin komai sai ɗan kasala. Mai sikila, mai ciwon zuciya ko huhu, da mai tsohon ciki, su ga likita kafin su yanki tikiti, domin ɗan ragin iskar shaƙan nan a jikinsu ba ƙarami ba ne.

Wanda yake son ganin wannan da idonsa ya shanye ruwan robarsa a sama, ya rufe murfin tam. Kafin a sauka zai ga robar ta lotse kamar an taka ta. Abin da ke faruwa da dodon kunne ke nan. Akwai wata siririyar hanya daga kunne zuwa maƙogwaro da ke daidaita iskar ciki da ta waje, haɗiyar yawu da hamma da tauna su ke buɗe ta. Wata mata a layinmu jaririnta ya tsala kuka da muka fara gangarowa Addis, wata dattijuwa ta leƙo ta ce, "'Yata, ba shi nono." Ta ba shi, ya yi shiru. Tsotson ne ya buɗe masa kunne.

Zango na biyu, daga Addis zuwa Bankok, kusan awa tara ne, cikin dare. Iskar jirgi busasshiya ce kamar tsakiyar hunturu a Kano, laimarta takan yi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, leɓe ya tsage, maƙogwaro ya bushe. Mutane suna ƙin shan ruwa don gudun tashi zuwa banɗaki, alhali tashin ma magani ne. Zama wuri ɗaya da ƙafa a lanƙwashe yana sa jini ya yi nawa a jijiyoyin sha-raɓa, wani lokaci ya daskare, gudan kuma ya iya tafiya huhu. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna haɗarin yana ninkawa biyu bayan awa huɗu a zaune, ko da yake bai wuce kusan mutum ɗaya cikin 6,000 ba. Na zaɓi kujerar bakin hanya saboda haka, ina tashi ina ɗan takawa, ina motsa dunduniya in na zauna.

Mun sauka Bankok rana ta take, jikina kuwa yana cewa yanzu gari ya waye. Tailan tana gaban Najeriya da awa shida, kuma tafiyar gabas ta fi wahalar da agogon jiki, domin ya fi sauƙi mutum ya jinkirta barci da ya janyo shi kusa. Jiki yakan gyara kusan awa ɗaya ne a yini, hasken rana ne kuma babban mai saita shi. Na daure ban kwanta ba sai bayan Isha ta can. Kafin nan sai da na bi ta teburin lafiya aka duba katin shawara, aka buga mini hatimi a fasfo, na wuce ta gefen masu jiran akwati da jakata a baya. Na kira Hajiya na ce na sauka lafiya. Ta tambayi zumarta, na gaya mata gaskiya, ta ce Allah Ya sa ita ce sadakar tafiyar.

Kai da ke shirin fita karon farko, kafin ka bar teburin awo ka ƙirga takardun shaidar kaya da aka liƙa maka, ka tabbata sun yi daidai da jakunkunan da ka miƙa da hannunka. Idan ba ka auna komai ba, ka ce a duba maka a kwamfuta cewa babu jaka ko ɗaya da sunanka. Duk wanda kuma ya roƙe ka ka ɗaukar masa saƙo a filin jirgi, ko sa'an mahaifinka ne, ka ba shi haƙuri cikin ladabi ka wuce.