Gaskiya Da Ƙarya Kan Atisayen Rage Tumbi

Daga filin wasa na Bako Kontagora zuwa ɗakunan motsa jiki na Tunga da Bosso, magana ɗaya ke yawo a Minna: wai in kana son tumbi ya tafi, ka kwanta rigingine ka riƙa tasowa sau ɗari kullum. Wannan ba gaskiya ba ne. A 1984 masu bincike a Jami'ar Massachusetts ta Amurka sun sa maza yin irin wannan atisaye sama da sau 5,000 cikin kwana 27, amma kitsen cikinsu bai ragu fiye da na sauran jiki ba. Jiki ba ya zaɓen wurin da ka wahalar ya ƙona kitsensa. Daga ko'ina yake ɗiba. Abin da ke rage tumbi shi ne rage loma, musamman lemun kwalba da shayi mai tarin sukari, sai tafiyar sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako.

Ɗamarar roba mai sa gumi ma ruwa kawai take fitarwa, kana shan ruwa ya dawo. Da yawa daga cikin shayin rage ƙiba kuwa maganin wankin ciki ne irin filasko.

Inda maganar tasowa daga rigingine take da gaskiya shi ne atisayen yana ƙarfafa naman ciki. Sai dai babban aikin naman nan ba lanƙwasa mutum ba ne, riƙe ƙashin baya ne kada ya karkace. Dubi matan Gwari da ke ɗauko doya a kafaɗa zuwa kasuwa, ko masu dakon buhu a Kasuwar Kure: gangar jikin a tsaye take cak, ƙafafu ke tafiya. Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada ya daɗe yana nuna cewa yawan lanƙwasa ƙugu na matsa wa faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya. Shi ya sa nake ganin atisayen riƙewa ya fi. Ka dogara da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar katako, daƙiƙa 10 zuwa 20, ka huta, ka maimaita. Ka yi haka ta gefen dama da hagu. Sannan ka yi tsayuwar rarrafe, ka miƙe hannun dama da ƙafar hagu tare, ba tare da ƙugu ya juya ba. Kada ka riƙe numfashi, balle mai hawan jini.

Masu cewa sai ya yi zafi yake aiki, a bambance: gajiyar nama daban, suka a baya ko zafi mai sauka ƙafa daban, wannan a tsaya. Mai jego, wadda sau da yawa naman cikinta kan rabu a tsakiya, da mai ƙaba ko wadda aka yi wa tiyata, su fara ganin likita kafin su soma.