Matbol: Wasan da ya raba ɗaliban Amurka da dogon jiran layi

A makarantu da dama na ƙasar Amurka, idan lokacin darasin motsa jiki ya yi, musamman a watannin hunturu da dusar ƙanƙara ke rufe fili, malami kan shimfiɗa manyan katifu huɗu a cikin zauren wasanni, ya ɗauko ƙwallo guda, ya raba aji gida biyu. Wasan da za a buga shi ne matbol, wato ƙwallon katifa, wani reshe na wasan kikbol da yaran ƙasar suka daɗe suna yi.

Amfanin wannan reshe bai tsaya ga nishaɗi kaɗai ba. Yana taimakawa wajen magance wata matsala da ke damun malamai: yadda za a sa kowane yaro a aji mai cunkoso ya yi gudu ya yi gumi a cikin ɗan lokacin da aka ware, maimakon 'yan ƙalilan su yi wasa, sauran su zama 'yan kallo.

Asalin wasan

Ana danganta kikbol da wani jami'i mai suna Nicholas Seuss, wanda ke kula da filayen wasan yara a birnin Cincinnati na Jihar Ohio, a wajajen shekarar 1917. Manufar ita ce a koya wa yara ƙa'idojin besbol ba tare da sanda da ƙaramar ƙwallo mai tauri ba. Sai aka maye gurbinsu da ƙafa da babbar ƙwallo. Daga baya wasan ya bazu zuwa Kanada da Koriya ta Kudu da Benezuwela, inda ya fi karɓuwa a wajen mata. A 1998 kuma aka kafa ƙungiyar WAKA a birnin Washington domin manya masu sha'awarsa.

Yadda kikbol na asali yake

Filin yana da zango huɗu da aka jera kamar kusurwoyin murabba'i: zango na ɗaya da na biyu da na uku, sai na huɗu da ake kira gida. A dokar WAKA, tazarar da ke tsakanin zango da zango ƙafa 60 ce, kimanin mita 18, faɗin ƙwallon kuma inci 10.

Ƙungiya ɗaya ce ke bugu, ɗayar tana tsaron fili. Wani daga masu tsaro zai gangaro ƙwallo a ƙasa zuwa gida, mai bugu ya sa ƙafa ya ɗirka ta, sannan ya ruga zango na ɗaya. Duk wanda ya bi zangunan uku ya dawo gida lafiya, ya ci wa ƙungiyarsa maki guda. Idan aka fitar da mutum uku daga masu bugu, sai a yi musaya. Idan kowane ɓangare ya yi bugu sau ɗaya, an gama turmi guda ke nan.

A nan gizo ke saƙar. Zango ɗaya ba ya ɗaukar fiye da mutum ɗaya, don haka masu gudu ba sa wuce uku a kan zanguna a lokaci guda. A ajin da ke da ɗalibai 40, kowace ƙungiya tana da 20. Idan aka fitar da uku daga cikin shida na farko, ɗalibai 14 sun sha tsayuwa a banza, ko ƙwallon ba su taɓa ba. Sau da yawa kuma yaran da ba su da kuzari ko masu jin kunya ne ke komawa ƙarshen layi, alhali su ne suka fi buƙatar motsin.

Abin da matbol ya sauya

Babu wata hukuma guda da ta tsara wa matbol doka, shi ya sa kowace makaranta da irin nata tsarin. Sai dai akwai ginshiƙai da kusan kowa ya yi tarayya a kansu.

Na farko, katifa ce zango, kuma babu iyaka ga yawan waɗanda za su tsaya a kanta. Mutum biyar ko goma na iya haɗuwa a katifa ɗaya, muddin ƙafar kowa na kai.

Na biyu, babu gudun dole. A kikbol, idan na baya ya taho, wajibi ne na gaba ya bar masa zango, ko da ya ga haɗari. A matbol kuwa, mai gudu na da zaɓin ya tsaya har sai ya ga hanya. Mai bugu kaɗai ne dole ya ruga katifar farko da zarar ya buga.

Na uku, a makarantu da dama, wanda ya sauka daga katifa ba shi da damar komawa, sai dai ya yi gaba. Haka kuma an yarda mai sauri ya wuce na gabansa, abin da ke jawo fitarwa a kikbol.

Na huɗu, malamai da yawa sun yi watsi da ƙa'idar fitar da mutum uku. Ko dai a bari kowa a ƙungiya ya yi bugu kafin a yi musaya, ko kuma a ba kowane ɓangare 'yan mintuna ƙayyadaddu. Wannan ce dokar da ta fi tabbatar da cewa babu yaron da aka bari a baya.

Hanyoyin fitar da ɗan wasa

Ana fitar da mai bugu idan aka cafke ƙwallonsa a sama kafin ta taɓa ƙasa, ko idan ƙwallon ta riga shi isa hannun mai tsaron katifar farko. Ana fitar da mai gudu idan aka taɓa shi da ƙwallo, ko aka jefe shi da ita, yana tsakanin katifa da katifa. Da yake a cikin zaure ake wasan, makarantu da yawa kan ƙara cewa duk wanda ƙwallonsa ta doki rufi ko fitila ya fita. Wasa yana tsayawa ne idan ƙwallo ta koma hannun mai gangarowa.

Yadda ake lissafin maki

Tsari mafi sauƙi shi ne maki ɗaya ga duk wanda ya taka katifar gida. A wasu makarantun, wanda ya iso gida ba ya komawa layi, sai ya ci gaba da zagayawa yana tara maki har a fitar da shi ko lokacin bugunsa ya sake zuwa. A wasu kuma, sai mutum ya zagaya sau biyu kafin a rubuta masa maki guda, domin a zaure tazarar katifun ba ta da yawa.

Ga misali a tsari na farko. Ɗalibai uku na katifa ta biyu, huɗu na ta uku. Mai bugu ya aika ƙwallo can lungun zaure. Huɗun nan suka shige gida, maki huɗu ke nan. Daga cikin ukun, biyu suka zarce har gida, ɗaya ya ga an kusa dawo da ƙwallo ya tsaya a katifa ta uku. Da bugu ɗaya tak ƙungiyar ta samu maki shida. A kikbol na asali, bugu ɗaya ba ya haifar da fiye da maki huɗu komai kyawunsa.

Daga nan ne dabara ke shigowa. Ƙwallo ɗaya ce a fili, mutum ɗaya kuma za ta iya samu a jifa guda. Don haka ƙungiya mai wayo kan tara mutane a katifa, su jira bugu mai kyau, sannan su kwasa gaba ɗaya. Ko an fitar da guda, saura sun tsira. Masu tsaro kuma dole su zaɓa cikin ƙiftawar ido: su bi mai gudu ɗaya, ko su gaggauta mayar da ƙwallo ga mai gangarowa don a tsayar da wasa. Yaron da ba shi da ƙarfin bugu ma yana da amfani a nan, domin ɗan bugu gajere da ya kai shi katifa ya ƙara wa ƙungiya mai gudu ɗaya.

Batun jifa da kare lafiya

Jifan mai gudu da ƙwallo shi ne ɓangaren da ya fi jawo muhawara. Ko a dokar manya ta WAKA, wanda aka jefa a kai ko a wuya yana gudu a miƙe ba ya fita. A makarantu kuwa, akan yi amfani da ƙwallon soso mai laushi, a kuma taƙaita jifa daga kafaɗa zuwa ƙasa, wasu ma daga ƙugu. Ƙungiyar malaman motsa jiki ta Amurka, SHAPE America, ba ta goyon bayan wasannin da ake mayar da yaro abin jifa, shi ya sa wasu malaman suka hana jifan gaba ɗaya, suka ce sai dai a taɓa mutum da ƙwallo a hannu. Ana kuma nisanta katifu daga bango, a tabbatar ba sa zamewa idan an taka su da gudu.

Dalilin da ya sa abin ke da muhimmanci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara daga shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa zuciya bugawa a kowace rana. Wani bincike da masanan hukumar suka fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na matasa 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan ma'auni, kuma 'yan mata ne suka fi baya. A Amurka, abin da ake nema daga malamin motsa jiki shi ne ɗalibai su shafe aƙalla rabin lokacin darasi suna motsi na gaske.

Wasan da yawancin aji ke tsaye a layi ba zai kai ga haka ba. Matbol bai buƙaci sabon gini ko kaya masu tsada ba. Ƙwallo ɗaya ce da katifu huɗu, kuma inda babu katifa, zanen alli a ƙasa ya wadatar. Abin da kawai ya rage wa malami shi ne ya bayyana tsarin makin da za a bi tun kafin bugun farko, domin wasan da dokarsa ta bambanta daga makaranta zuwa makaranta ba ya rasa gardama idan aka bar ta sai an fara.