Kisan Myall Creek da Dutsen Tunawa

A ranar 10 ga watan Yuni na shekarar 1838, a wata makiyaya da ake kira Myall Creek cikin yankin New South Wales na ƙasar Ostareliya, waɗansu mahaya goma sha biyu, akasarinsu fursunonin da Ingila ta koro da waɗanda suka cika wa'adinsu, suka afka wa jama'ar Wirrayaraay, 'yan asalin ƙasar, alhali majiya ƙarfinsu sun tafi aiki a wata makiyaya, suka ɗaure su da igiya, suka ja su nesa da bukkoki, suka hallaka aƙalla mutum 28, galibinsu mata da yara da tsofaffi, daga bisani kuma suka dawo suka ƙone gawarwakin.

Irin wannan ta'asa ba baƙuwa ba ce a wancan zamani, domin binciken da Farfesa Lyndall Ryan ta jagoranta a Jami'ar Newcastle ya gano fiye da wurare 400 da aka yi kisan kiyashi tsakanin 1788 da 1930. Abin da ya bambanta Myall Creek shi ne al'amarin ya kai gaban shari'a, saboda wakilin makiyayar, William Hobbs, ya ƙi rufa asiri, Gwamna George Gipps kuma ya ba da umarnin bincike. A zaman farko an wanke waɗanda ake tuhuma. Sai da babban lauyan gwamnati, John Plunkett, ya sake gurfanar da bakwai daga cikinsu kafin aka same su da laifi, aka rataye su ranar 18 ga Disamba. Jagoransu, John Fleming, ya tsere, ba a taɓa yi masa hukunci ba.

Wurin da ya fi sosa mini rai shi ne mas'alar shaida. Akwai wani saurayi ɗan ƙasa, Davy, wanda ya ga abin da idonsa, amma dokar lokacin ba ta karɓar bayanin wanda ba zai yi rantsuwa irin ta Nasara ba, don haka aka sallami sauran mutum huɗun da ake tuhuma. Duk wanda ya san matsayin shaida wajen tsayar da haƙƙin jini zai fahimci girman wannan zalunci: an kashe mutane, sa'an nan an haramta wa ɗan'uwansu faɗin yadda aka kashe su.

Sai a ranar 10 ga Yuni, 2000, aka buɗe wurin tunawa kusa da garin Bingara, inda wata siririyar hanya mai alluna bakwai, da ke ɗauke da tarihin cikin Turanci da harshen Gamilaraay, take kai mai ziyara ga wani ƙaton dutse. A wajen taron ne Sue Blacklock, daga zuriyar waɗanda suka tsira, ta rungumi Beulah Adams, daga dangin ɗaya daga cikin makasan. A 2008 gwamnati ta shigar da wurin cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, kuma kowane watan Yuni zuriyar ɓangarorin biyu da 'yan makaranta suna haɗuwa a can, ko da yake da yawa daga cikin sauran wuraren da aka yi kisan kiyashi har yau ba su da ko allon da zai nuna cewa an zubar da jini a cikinsu.