Dalilan da suka sa agwagin daji ke raguwa, suke kuma sauya zangon ciraninsu a Amurka

Stuttgart ƙaramin gari ne a Jihar Arkansas da ke kudancin Amurka. Mazaunansa ba su kai 10,000 ba, amma ya daɗe yana yi wa kansa kirari da cewa shi ne babban birnin shinkafa da agwagwa na duniya. Tun 1936 ake shirya gasar kwaikwayon kukan agwagwa a garin duk ƙarshen watan Nuwamba, lokacin da dubban mafarauta kan yi masa tsinke, masaukai su cika, masu gonaki su karɓi kuɗin hayar filayen da suka malala wa ruwa. Duk wannan hada-hada ta dogara ne kan abu guda, wato saukar agwagin daji daga arewa idan sanyi ya koro su.

A 'yan shekarun nan ƙorafi ya yi yawa a Arkansas da maƙwabciyarta Luwiziyana cewa agwagin ba sa zuwa kamar da, idan ma sun zo a makare suke zuwa, kuma ba sa daɗewa. Wasu na cewa tsuntsayen ne suka ragu, wasu na cewa suna nan, zango kawai suka sauya. Alƙaluman da ake da su sun nuna cewa kowane ɓangare na da gaskiyarsa, sai dai dalilan abubuwan biyu sun sha bamban.

Abin da ƙidaya ta nuna

Tun 1955 hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka da takwararta ta Kanada ke ƙidayar agwagi duk watan Mayu a wuraren da suke hayayyafa. Ƙananan jiragen sama kan yi tafiya ƙasa-ƙasa a kan layukan da ba sa sauyawa, masu ƙidaya na leƙe ta taga, wasu ma'aikatan kuma na bin wani sashe na layukan a ƙasa domin gano abin da idon na sama ya tsallake. In ban da 2020 da 2021 da annobar korona ta hana, aikin bai tsaya ba.

A 2015 an ƙiyasta agwagi miliyan 49.5, adadi mafi yawa tun da aka fara ƙidayar. A 2019 sun koma miliyan 38.9, a 2023 kuma miliyan 32.3, kafin su ɗan farfaɗo zuwa wajen miliyan 34 a 2024. Agwagwar da mafarauta suka fi so, wadda ake kira malad, mai koren kai idan namiji ne, ta faɗo daga miliyan 11.8 a 2016 zuwa miliyan 6.1 a 2023, kusan rabi ke nan cikin shekara bakwai. Daga wannan tsuntsuwa ce akasarin agwagin gida na duniya suka samo asali, ko da yake agwagwar da aka saba gani a gidajen ƙasar Hausa, mai jan tsiro a fuska, wani jinsi ne dabam da ya fito daga yankin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu.

Wadda ta fi shan wahala ita ce mai tsinin wutsiya, wadda Turawa ke kira fintel. A tsakiyar shekarun 1950 ta kai wajen miliyan 10. A 2022 ba ta kai miliyan biyu ba.

Sai dai adalci ne a ce faɗuwar daga ƙololuwa aka auna ta. Adadin 2024 bai yi nisa da matsakaicin dukkan shekarun ƙidayar ba, kuma an taɓa ganin abin da ya fi haka muni: bayan farin shekarun 1980 agwagin sun sauko zuwa kusan miliyan 25, amma da ruwa ya dawo sai suka haura miliyan 43 a 1999. Abin da ke damun masana shi ne ko ƙasar da ta ba su damar farfaɗowa a wancan karo tana nan har yanzu.

Inda ake ƙyanƙyashe su

Fiye da rabin agwagin nahiyar, a shekarar da aka samu ruwa, ana ƙyanƙyashe su ne a wani shimfiɗaɗɗen filin ciyawa da ya taso daga lardunan Alberta da Saskatchewan da Manitoba a Kanada, ya ratsa Montana da Dakota ta Arewa da ta Kudu, ya dangana da Minnesota da Iowa. Lokacin da tsaunukan ƙanƙara suka janye daga yankin shekaru kusan 10,000 da suka shige, sun bar miliyoyin ramuka marasa zurfi. Idan dusar ƙanƙara ta narke da bazara, ramukan kan cika su zama kududdufai.

Ƙanƙantar kududdufan ita ce amfaninsu. Ruwa marar zurfi kan yi saurin ɗumi, ya cika da ƙwari da tsutsotsi da dodon koɗi, waɗanda macen agwagwa ke buƙata kafin ta iya yin ƙwai. Namiji kuma ba ya son ganin wani namijin jinsinsa a ruwan da ya kama wa matarsa. Shi ya sa kududdufai goma masu faɗin eka ɗaya-ɗaya suka fi tafki guda mai eka goma ɗaukar ma'aurata. Ita macen ba a cikin ruwa take yin sheƙa ba, cikin ciyawa take ɓuya, wani lokaci da 'yar tazara daga ruwan, ta yi kwanci kusan mako huɗu, sannan ta ja 'ya'yanta zuwa kududdufi, inda za su yi kusan wata biyu kafin su iya tashi. Idan ciyawar ta zama ɗan siririn layi a gefen gona, yanyawa da sauran masu shan ƙwai ba sa wahala wajen gano sheƙar.

Ruwa da ciyawar duka sun ragu. Fari mai tsanani ya auka wa yankin a 2021, kuma wasu sassan Kanada sun yi shekaru a jere ba su murmure ba. A irin wannan shekara agwagi da yawa kan tarar da kududdufan a bushe, su zarce arewa zuwa dazuzzukan Kanada da Alaska, inda ba su cika yin 'ya'ya da yawa ba. Fari dai kan zo ya wuce. Kududdufin da manomi ya haƙa wa magudana, ko ya binne bututun roba a ƙarƙashinsa ya tsotse ruwan domin ya shuka masara, ba ya dawowa ko da an yi shekarar ruwa.

A 1985 gwamnatin Amurka ta ɓullo da wani shiri na biyan manoma kuɗin haya duk shekara domin su bar gonakin da zaizaya ke yi wa barazana su koma ciyawa na tsawon shekara 10 zuwa 15. Don kare ƙasa aka yi shi, amma agwagi sun ci moriyarsa sosai. Filayen da ke cikin shirin sun kai eka miliyan 36.8 a 2007, zuwa 2020 kuma sun ragu zuwa wajen miliyan 22. A tsakanin nan farashin masara ya tashi, musamman bayan dokokin 2005 da 2007 da suka tilasta gauraya fetur da sinadarin etanol, wanda akasari daga masara ake yin sa. Manomin da ya ga noma ya fi hayar gwamnati riba ba ya buƙatar mai ba shi shawara. Ta fuskar doka ma kariyar ba ta da ƙarfi, domin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka na 2001 da na 2023 sun taƙaita ikon gwamnatin tarayya a kan fadamun da ba su haɗe da wani kogi ko tafki ba, kuma haka akasarin kududdufan nan suke.

Matsalar mai tsinin wutsiya ta ƙara da wata. Tana yin sheƙa da wuri, tana kuma son wuri mai gajeriyar ciyawa, don haka takan zaɓi tushiyar alkamar bara. A da manoman Kanada kan bar wani kaso na gonakinsu ya huta shekara guda. Yanzu kusan duk shekara ake shuka, sai injin ya bi ta kan sheƙar tun ƙwai bai fashe ba.

Me ya sa ba sa isa kudu?

Malad tsuntsuwa ce mai jure sanyi. Ba ta barin wuri don kalanda ta ce lokaci ya yi, sai ruwa ya daskare, dusar ƙanƙara ta rufe abincin da ke gona na kwanaki a jere. Idan hunturu ya zo da sauƙi, takan tsaya a Misuri ko Illinois ko ma Dakota, ta ci hatsin da injin girbi ya zubar, ta kwana a kogi ko tafkin da bai daskare ba. Wani bincike da aka wallafa a 2021, wanda ya yi amfani da ƙidayar tsuntsaye ta lokacin Kirsimeti daga 1969 zuwa 2019, ya duba jinsunan agwagi 16, ya gano cewa da yawansu na ƙaruwa a jihohin arewa masu sanyi da hunturu fiye da yadda suke yi a kudu, kuma sauyin na tafiya tare da ɗumamar yanayi. A Turai ma an ga haka: wani bincike na 2013 ya nuna wasu agwagi masu nutso sun yawaita da hunturu a Finland da Sweden, sun ragu a Faransa da Ireland da Switzerland.

Mafarautan kudu suna da wani zargin. Dokar Amurka ta haramta watsa hatsi don jawo agwagi, amma ta halatta a malala wa gonar masarar da ba a girbe ba ruwa a yi farauta a ciki. Masu hali a jihohin tsakiya sun yawaita irin waɗannan gonaki, wasu har da injunan da ke motsa ruwa don kada ya daskare. 'Yan kudu na ganin an tare musu agwagi a hanya. Zargin ba ya rasa tushe a matakin gunduma ko yanki, amma gonakin ƙalilan ne idan aka kwatanta da miliyoyin ekokin masarar da dusar ƙanƙara ta daina rufewa da wuri.

Kudun ma ba kamar da take ba. Arkansas ce ke noma kusan rabin shinkafar Amurka, kuma zubabbiyar shinkafa na cikin abin da ke riƙe agwagi a can. Yanzu irin da ake shukawa na nuna da wuri, a girbe tun Agusta ko Satumba. Wani bincike a kwarin Kogin Misisipi ya gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na shinkafar da ta zube kan tsira, ko ta ruɓe, ko wasu dabbobi su cinye ta kafin farkon Disamba. Dazuzzukan itacen ok da ake tare wa ruwa da gangan, irin na Bayou Meto, su ma sun fara mutuwa saboda ruwan na zuwa da wuri yana kuma daɗewa, har hukumar jihar ta sauya tsarin malala ruwan duk da ƙorafin mafarauta. Luwiziyana kuwa ta yi asarar ƙasa fiye da murabba'in kilomita 5,000 a gaɓar tekunta tun 1932. Abin mamaki, a daidai lokacin da malad ke ƙaurace wa jihar, wata agwagwa mai fito, 'yar'uwar kirinjijiya, na ta yaɗuwa a can tana matsawa arewa.

Akwai kuma halin tsuntsayen kansu. Agwagwar bana ce ke saurin ruɗuwa da agwagin roba da busar mafarauci. A shekarar da ƙyanƙyasa ta yi ƙaranci, garken da ke saukowa tsofaffi ne da suka sha jin ƙarar bindiga tun daga Kanada. Na'urorin bibiya da aka ɗaura wa wasu malad sun nuna yadda suke wuni a wuraren da aka hana harbi, su fita kiwo da dare. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma takan sauya. Mafarauci na iya wuni bai ga fiffike ba alhali dubban agwagi na kwance a nesa kaɗan da shi.

Bindiga fa?

Tun 1997 jihohin da ke kan hanyar Misisipi ke da kwana 60 na farauta da agwagi shida ga kowane mutum a rana, ba a taɓa ragewa ba duk da hawa da saukar alƙaluma. Wasu mafarautan da kansu na neman a rage. Masanan hukumar, bisa bayanan zobban da ake saka wa agwagi a ƙafa, na ganin ruwa da ciyawa ne ke yanke hukunci, ba harsashi ba. A kan wannan fahimta ce aka ɗaga adadin mai tsinin wutsiya da aka yarda a harba daga ɗaya zuwa uku a rana a kakar 2025 zuwa 2026, matakin da ya ba mutane da dama mamaki ganin halin da tsuntsuwar ke ciki.

Kuɗin kare fadamun ma daga aljihun mafarautan yake fitowa. Tun 1934 duk mai shekara 16 zuwa sama sai ya sayi kan sarkin agwagwa kafin ya yi harbi. Da dala ɗaya aka fara sayar da shi, yanzu dala 25 ne, kuma kashi 98 cikin 100 na kuɗin na tafiya ne wajen saye ko hayar wuraren zaman tsuntsaye. Da irin wannan kuɗi, da na ƙungiyoyi irin su Ducks Unlimited da aka kafa a 1937, agwagi da dangoginsu suka ƙaru da kashi 56 cikin 100 daga 1970, a lokacin da nahiyar ta rasa tsuntsaye kusan biliyan uku, kamar yadda wani bincike na 2019 ya nuna. Idan farauta ta daina daɗi mutane suka ajiye bindiga, wannan kuɗin ma zai ragu.

Ita mai tsinin wutsiyar ba baƙuwa ba ce a Najeriya. 'Yan'uwanta da ke hayayyafa a arewacin Turai da Rasha kan tsallako Sahara duk kaka, tare da wata ƙaramar agwagwa mai suna gargani, su yi hunturu a Tafkin Chadi da fadamun Haɗeja da Nguru, ciki har da Dagona a Jihar Yobe, inda suke haɗuwa da ɗinya da kirinjijiya na gida. Ambaliyar da ke cika waɗannan fadamu ta ragu tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ciyawar kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, abin da ya shafi masunta da manoman shinkafa da makiyaya kafin ma ya shafi tsuntsu. A 2000 aka saka Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma yankin na cikin wuraren da masu ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya kan ziyarta a watan Janairu.