Sabuwar dokar haraji da takardar albashin ma'aikaci

A mafi yawan ƙasashe masu tasowa, ɗan albashi ne haraji ya fi saurin kamawa, domin tun kafin kuɗin su shigo hannunsa an riga an zare rabon hukuma. Ɗan kasuwa yana iya ɓoye cinikinsa, mai gidajen haya ya yi shiru da bakinsa, amma ma'aikaci ba shi da maɓoya. Wannan ne ya sa dokoki huɗu na haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 suka fi shafar ma'aikata kai tsaye.

Dokokin sun fito ne daga aikin kwamitin Taiwo Oyedele da aka kafa a 2023, lokacin da alƙaluman hukumar ƙididdiga suka nuna harajin da Najeriya ke tarawa bai kai kashi 11 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara ba. Burin gwamnati shi ne kashi 18.

A tsarin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba su da haraji. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire musu kashi 15, daga nan abin ya riƙa hawa har kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. Wanda kuɗinsa da za a yi wa lissafi ya kai miliyan 3, bayan an fitar da fansho da sauransu, zai biya naira 330,000.

Sai dai an soke tsohon rangwamen nan na bai-ɗaya, wanda ke yafe kashi 20 na albashi da ƙarin aƙalla naira 200,000. A madadinsa an kawo rangwamen haya: kashi 20 na abin da mutum ya biya, amma kada ya wuce naira 500,000. Wato da zarar haya ta kai miliyan 2.5 rangwamen ya tsaya, kuma duk mai neman gida a Abuja ya san inda wannan kuɗi ke iya kai shi. Wanda ya yi ta-maza ya gina nasa a Kuje ko Gwagwalada kuwa ba shi da rabo a nan.

Akwai dabara a ciki. Ba a samun rangwamen sai an bayyana hayar da aka biya, don haka kowane ɗan haya da ya nemi haƙƙinsa yana nuna wa hukuma ƙofar mai gidansa ne. In aka bi diddigi, an yi jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. In ba a bi ba, nauyin zai ci gaba da zama a wuyan mai albashi.

An ga yadda gaggawa ta kaya a wasu wurare. Ghana ta ɗora kashi 1.5 a kan tura kuɗi ta waya a 2022, abin da aka tara ya gaza hasashe nesa ba kusa ba, aka soke harajin a 2025. A Kenya sai da matasa suka kutsa majalisa a Yunin 2024 kafin Shugaba William Ruto ya janye ƙudurinsa. A nan gida ma an ja da baya: an bar VAT a kashi 7.5, an kuma sassauta tsarin rabonsa bayan gwamnonin Arewa sun ƙi amincewa.

Wani abin lura shi ne, inda mutum yake zaune can harajinsa ya kamata ya tafi. Ma'aikacin da ke kwana a Mararaba ya wayi gari a sakatariyar tarayya, a doka jihar Nasarawa ce ke da harajinsa, ko da yake titunan Abuja yake takawa kullum.