Giɓin Kiwon Lafiya Tsakanin Fulanin Daji da Mazauna Gari a Arewacin Zamfara: Matsayin Sanin Al'ada a Aikin Asibiti

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dalilan da suka sa makiyaya mazauna rugage a ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suke baya wajen cin moriyar asibiti. Ta nuna cewa nisa da harshe da kunya da tsoro su ne ke faɗaɗa giɓin, kuma sanin al'adar majinyaci wani sashe ne na aikin magani.

1.0 Gabatarwa

Kiwon lafiya a Zamfara yana da rauni ga kowa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na yaran Nijeriya ne suka sami dukkan muhimman alluran riga-kafi, a Zamfara kuwa adadin bai kai kashi 10 ba. A watan Yuni na 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF da Ma'aikatar Lafiya ta jihar sun auna yara sama da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka sami kusan ɗaya cikin huɗu da tamowa. Sai dai a cikin wannan rauni akwai waɗanda nasu ya fi tsanani, wato Fulanin daji, waɗanda tsiraru ne a tsakanin Hausawa manoma. Ƙididdigar gwamnati gida-gida take bi, don haka wanda ke tashi da garkensa bai cika shiga lissafi ba. Wanda bai shiga lissafi ba kuwa, ba a yi kasafin magani da shi.

2.0 Musabbabin Giɓin

2.1 Nisa da Ƙaura

An tsara aikin asibiti ne domin mai zama wuri ɗaya. Riga-kafin jariri yana buƙatar zuwa aƙalla sau biyar: ranar haihuwa, mako na 6, na 10, na 14, sannan wata na 9. Maganin tarin fuka wata 6 ake sha ba tare da fashi ba. Makiyayin da ya yi damina a mashekari kusa da Gidan Jaja ko Katuru, idan rani ya yi zai bi burtali neman ruwa da ciyawa. Yaronsa yakan sami allurar farko ya rasa sauran, a rubuta sunansa cikin waɗanda suka guje wa riga-kafi, alhali tsarin ne bai yi tanadin tafiyarsa ba.

2.2 Harshe

Macen ruga takan iya Hausar cinikin nono da man shanu, amma wannan Hausa ba ta isa ta bayyana zubar jini ko jiri ko yanayin motsin ciki ba. Idan aka sa mijinta ko surukinta ya yi tafinta, lamarin yakan ƙara dagulewa, domin akwai abin da ba za ta furta a gabansu ba. Ma'aikacin lafiya sai ya rubuta magani bisa rabin bayani.

2.3 Kunya da Haƙuri

Tarbiyyar Fulani, wadda suke kira pulaaku, ta ginu a kan semteende, wato kunya, da munyal, wato haƙuri, da hakkiilo, wato hankali. Nuna zafin ciwo abin kunya ne. Mai naƙuda takan daure ba tare da kuka ba, saboda haka ungozomar da ke auna nisan naƙuda da yawan raki za ta iya barin ta a kan benci har haihuwa ta zo, ko matsala ta afku. Haka kuma uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari, al'adar da Hausawa ma suka sani. Idan mai yanka kati ya matsa mata sai ta yi shiru, shi kuma ya ɗauka rashin wayewa ne, ya daka mata tsawa a gaban jama'a. Macen da aka kunyata haka da wuya ta dawo, kuma labarinta zai zaga rugage.

2.4 Tsoro

Rikicin da ya addabi yankin fiye da shekara goma ya taɓa manomi da makiyayi. 'Yan bindiga sun tayar da ƙauyuka, ma'aikata sun bar ƙananan asibitoci da dama. A ɗaya ɓangaren, makiyayin da bai ji ba bai gani ba yana tsoron shiga gari, kada a yi masa kuɗin goro a hannun 'yan sa-kai. A 2021 gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya. Ranar kasuwa ita ce ranar da mutumin ruga ke sayar da dabba ya sami kuɗin magani, ya kuma biya ta asibiti, don haka rufewar ta yanke masa hanyoyin biyu.

3.0 Darussa Daga Tarihi

A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna sun dakatar da riga-kafin shan inna saboda zargin cewa maganin yana hana haihuwa. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigo da waɗanda jama'a suka amince da su. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Daga 2012 aka fara bin rugage ana ƙidaya su tare da arɗo-arɗo da malaman dabbobi, aka gano matsugunai masu yawa da ba a taɓa kai musu riga-kafi ba. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka.

Ƙasar Cadi ma ta bar darasi. A farkon shekarun 2000 an lura cewa shanun makiyaya na samun allura, 'ya'yansu ba sa samu. Sai aka haɗa ayarin malaman dabbobi da na ma'aikatan lafiya, a yi wa garke da yara da mata riga-kafi a zuwa ɗaya. Makiyayi ya riga ya yarda da mai duba masa saniya, wannan yarda ce ta buɗe wa mai duba yaro ƙofa.

4.0 Abin da Sanin Al'ada Ke Nufi a Aikace

Na farko, a samar da mace mai jin Fulatanci a ɗakin awon ciki da ɗakin haihuwa na asibitocin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Na biyu, a tambayi 'yar rakiya sunan yaro idan uwa ta yi shiru, a kuma duba mai naƙuda da awo ko da ba ta yi kuka ba. Na uku, a ɗaura lokacin shan magani a kan lokutan salla ko na tatsa, a ba majinyaci katin da zai ci gaba da karɓar magani da shi a duk inda ya sauka. Na huɗu, a sanar da arɗo kafin ayari ya isa ruga.

Wannan bai hana faɗin gaskiya ba. Shan madarar da ba a tafasa ba yana iya yaɗa bakkale da tarin fuka na shanu, cire belu da yankan gishiri kuma suna jawo zubar jini. Dole ne a faɗa, cikin harshen da mai sauraro ke ji, kuma a keɓe. Haka nan Fulani ba duka suka zama ɗaya ba. Wanda ya yi shekaru a gari ya bambanta da mai yawon kiwo. Ma'aikaci nagari tambaya yake yi kafin ya yanke hukunci.

5.0 Kammalawa

Tsaro da hanyoyi da gine-gine suna buƙatar kuɗi da lokaci, amma tafinta da kyakkyawar tarba da katin tafiya abubuwa ne da ƙaramar hukuma za ta iya farawa da su yanzu. Ƙyanda da sanƙarau ba su san iyaka tsakanin ruga da gari ba, muddin yaran ruga ba su sami riga-kafi ba, yaran gari ma suna cikin haɗari.