Yadda Ake Killace Mai Fihirisa a Gajimare Don Kada Bayanan Jama'a Su Bi Ta Titi

A ce wata cibiyar lafiya a ƙaramar hukumar Kabo ta ɗauki hoton katunan marasa lafiya na shekara goma, daga Garo har cikin garin Kabo, ta adana su a gajimare, wato kwamfutocin haya da ake isa gare su ta intanet. Adanawa ba ta da wuya. Wahalar tana wajen nemo katin mutum ɗaya a cikin dubbai idan an tura shi babban asibitin Gwarzo. Nan ne aikin mai fihirisa yake shigowa.

Mene ne mai fihirisa?

Duk wanda ya yi karatun littattafan addini ya san fihirisa: jerin da ke nuna maka shafin da kowane babi yake. To, mai fihirisa, ko indeksa, manhaja ce da ke shiga ma'ajiyar bayanai lokaci-lokaci, ta karanta takardu, ta tsamo kalmomi, ta jera su yadda bincike zai ɗauki daƙiƙa maimakon yini. Za mu ɗauki misalin Azure AI Search na kamfanin Microsoft, wanda kafin Nuwamban 2023 ake kira Azure Cognitive Search.

Ina matsalar take?

Indeksa tana iya gudana a wurare biyu. Na farko gidan haya ne: tarin kwamfutocin da Microsoft ke kula da su, waɗanda ke yi wa kwastomomi da yawa aiki. Na biyu keɓaɓɓen muhalli ne, wanda ke cikin injin bincikenka kai kaɗai. Idan ba ka faɗi komai ba, tsarin ne zai zaɓa maka.

Kun ga idan ka rufe ƙofar ma'ajiyarka daga intanet, kamar yadda ya kamata a yi wa katunan asibiti, indeksar da ke gidan haya ba ta da hanyar shiga. Za ta ƙwanƙwasa, a mayar mata da lambar 403, ma'ana an hana. A nan ne wasu ke gajiya su sake buɗe ƙofar ga kowa don aiki ya tafi. Wannan shi ne haɗarin. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma hukumar NDPC tana da ikon cin tara. Ko ba doka, a garin da kowa ya san kowa, fitar sakamakon gwajin mutum ɗaya na iya kashe aure.

Matakan saitawa

Na ɗaya, ka tabbata ba a matakin kyauta kake ba. Sai daga matakin Basic zuwa sama ake samun wannan dama, kuma hanyar da za ka buɗe tana da nata kuɗin.

Na biyu, ka kashe shigowar jama'a a ma'ajiyar.

Na uku, daga ɓangaren injin binciken ka ƙirƙiri keɓaɓɓiyar mahaɗa zuwa ma'ajiyar, ka faɗi irin sashen da kake so, misali blob idan fayiloli ne. Ka ɗauke ta kamar ƙofar da ake fasawa tsakanin gidaje biyu na 'yan'uwa, ba sai an fita waje ba.

Na huɗu, mai ma'ajiyar ya amince. Har sai ya danna amincewa, buƙatar tana nan a rataye. Wannan da gangan aka yi shi, don kada wani ya fasa maka katanga ba da saninka ba.

Na biyar, wanda aka fi mantawa: a cikin saitin indeksar, ka sa executionEnvironment ya zama private. Idan ka bar shi, mahaɗar tana nan amma indeksar na iya tashi a gidan haya, inda mahaɗar ba ta kai ba. Sai ka ga yau ta yi aiki, gobe ta ƙi.

Daga nan ka gwada da fayiloli kaɗan na bogi kafin ka sake ta a kan na gaske. Kuma gara ka ba injin shaidar kansa da izinin karatu kawai, maimakon manna mabuɗin sirri a cikin saiti.

Riba da asara

A gidan haya, indeksa ba ta wuce awa 2 a zagaye ɗaya. A keɓe tana iya kaiwa awa 24. Sai dai ƙarfin injinka take ci, don haka bincike na iya yin nauyi lokacin da take aiki. Ka tsara ta da dare, bayan an tashi daga asibiti.

Abin da saitin bai magance ba

Wannan ya tsare hanyar ɗauko bayanai ne kawai. Ƙofar da ma'aikata ke yin bincike ta cikinta daban take, ita ma sai an killace ta. Sannan keɓewa ba ta sauya ƙasar da bayanan suke. Idan ka zaɓi cibiyar Johannesburg, wadda Microsoft ya buɗe a 2019, katunan mutanen Kabo suna Afirka ta Kudu ke nan, kuma dokar 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanai waje. Wannan tambayar a warware ta tun kafin a loda katin farko.